Uwar Kwali

Ƙwan zabi talatin na sayo a kasuwar Mirriya,
na jera su cikin kwalin sabulu, bisa ƙaiƙayin gero.
Kazar da za ta kwanta musu,
muzuru ya riga ni tun ruwan farko.
Na ce to, ni zan zame musu uwa.

Ga batir na tsohuwar mota, bolti goma sha biyu,
ga wayar mataccen risho.
Na yanko taƙi guda da ido, ban tambayi kowa ba,
na ɗaura, na rufe, na yi barcin mai dabara.

Da asuba ɗaki ya ɗau ƙamshi.
Gwaggo Fanna ta leƙo ta labule:
"Laminu, a kawo gishiri ne, ko da yaji za ka ci?"
Yaran gida suka ci biki,
ni na ci bashi.

Na saɓa batir har kasuwar Dole,
rumfar Kiyari mai gyaran rediyo,
wanda ba ya ɗaga kai sai dalma ta huce.
Ya ratsa ma'auninsa tsakanin batir da waya,
allura ta yi rawa, ta tsaya kan huɗu.
"Ampa huɗu," ya ce. "Miƙo kwalin."
Ya zaro biro daga bayan kunne.

"Bolti shi ne mai turi,
ampa kuwa abin da ya samu wucewa.
Raba mai turi da abin da ya wuce,
ka san taurin kan wayarka.
Sha biyu a raba huɗu?"
Na ce uku.
"Om uku, turjiyarta ke nan, ba ta da yawa.
Yanzu ninka su, ka ga abin da take ci.
Sha biyu sau huɗu?"
Na ƙirga a gaɓoɓin yatsu, arba'in da takwas.
"Wat arba'in da takwas a kwalin sabulu!
Yaro, wannan ba uwa ba ce, murhu ne."

Na ce to, in rage wayar?
Nan ne ya ɗaga kai.
"Ƙara ta. Taƙi biyu.
Hanya in ta yi tsawo, mai gudu kan sassauta.
Om shida, sha biyu a raba shida, ampa biyu,
sha biyu sau biyu, ashirin da huɗu.
Rabin zafin jiya."
Ni da na ɗauka doguwar waya ta fi ƙuna,
ashe mai saurin cewa to
ita ke ƙona gida.

Na koma Mirriya da kuɗin aro.
Rana panno na ciyar da batir,
dare batir na shayar da waya.
Na yi wa kowane ƙwai ɗigon gawayi,
in juya shi safe, in juya shi magariba,
da ɗan ruwa a murfin kwalba don kada ɓawo ya bushe.
Kwana uku hadari ya zauna kan duwatsun Birni,
allura ta soma sunkuyawa,
na lulluɓe kwalin da bargona,
na kwana a dunƙule kan tabarma.

Daren ashirin da bakwai na ji ƙwas.
Na ce ɓera ne.
Ƙwas kuma.
Na haska, ga ɗan baki ya huda ɓawo
kamar mai neman a buɗe masa ƙofa.

Sha tara suka fito, sha ɗaya suka yi shiru,
ban san laifin wa ba, kuma lissafin bai faɗa ba.
Gwaggo ta tsuguna, ta daɗe tana kallo,
ta ce, "Biyu nawa ne, ladan gishirin da ban kawo ba."

Rubutun Kiyari na nan a jikin kwalin,
tawada ta ɗan jiƙe.
Wani mai zanen ka, ƙaramin cikinsu,
tun safe yake saran shidan nan,
ya ɗauka tsutsa ce.