Ƙanƙarar da Ba Ni Na Yi Ba

Shekara bakwai ke nan a Jizan
ina dafa ƙanƙara, in ji Sallau.
Inji na ruri, ina tura tubala
farare, kowane ya kai buhun gero nauyi.
Masunta na tsaye a bakin ƙofa,
don kifi bai san a yi haƙuri ba.

Ran Asabar muka haɗa riyal ɗari-ɗari,
mu tara, muka cika motar Jubran.
Ya zo da kambin furanni a ka,
ɗoɗɗoya da wani rawayan fure.
Sallau ya raɗa mini, "Ƙato da fure?"
Jubran ba ya jin Hausa, amma ya ji dariyar.
Ya zaro reshe ɗaya, ya saƙala masa a kunne.

Muka bi gaɓa tun rana ba ta buɗe ido ba.
Bahar Maliya ta yi lamo kamar madarar da aka shanya.
Raƙuma sun shiga ruwa har gwiwa
suna figar ganyen itacen da ke tsiro cikin gishiri.
Ashe haka take?
Kullum ina gefenta, ƙeya nake ba ta.

Da hantsi muka shiga kwarin Lajab,
tsaga ce, kamar an sari dutse da gatari
aka manta ba a dawo ba.
Jubran ya ce, "Ku tuɓe takalma.
Inda na taka, nan za ku taka."
Muna lallaɓawa, gwaggon biri ya sauko,
ya ɗauke gurasar Mati, ya hau sama
yana ci yana kallonmu kamar mai bin bashi.

Sai ƙara. Tun kafin ido ya gani, ƙirji ya ji.
Ruwa ne ke faɗowa daga can ƙoli,
ba guga, ba igiya, ba mai ja.
Na tuna rijiyar garinmu, gaba talatin,
da tafin hannun Inna da igiya ta cinye.
Na tsaya ƙarƙashinsa da rigata.
Wanda ya ce kuka na yi, ya kawo shaida.

Bayan azahar mota ta kama hawan Faifa,
tana nishi, tana murɗa wuya.
Gonakin gahawa hawa-hawa kamar matakala,
gajimare ya shigo ta taga bai yi sallama ba.
Muna sauka sama ta ɓalle.
Ƙanƙara! Kan kwano, kan mota, kan ƙoƙon kan Mati.
Muka raɓe a barandar wani tsoho,
ya ba mu gahawa mai citta, bai tambayi sunanmu ba.

Da ta ɗauke, hanya ta yi fari fat.
Jubran ya raba mana sanduna.
"A karkace za ku yi tafiya, kamar ƙaguwa.
Dunduniya tukuna."
Ƙurus, ƙurus, tana kuka ƙarƙashin silifa.
Sallau ya zame, ya zauna daɓas,
ya ce dama can hutawa zai yi.

Na tsuguna na ɗauki ɗaya.
Sana'ata ce, dole in duba.
Na fasa ta da haƙori:
ɓawo cikin ɓawo, kamar albasa.
Ba iskar gas, ba kuɗin wuta,
ba maigida mai duba agogo.
An yi ta a sama, an zubar kyauta,
ko kifi ɗaya ba a ajiye mata ba.

Na cusa uku a aljihu, ban san don wa ba.

Dare ya yi muka gangaro.
Zafin Jizan ya tare mu tun daga shatale-tale,
ya lulluɓe mu kamar jiƙaƙƙen bargo.
Sallau na minshari, reshen na nan a kunnensa.
Gobe ƙarfe huɗu zan tayar da inji.
Na sa hannu a aljihu.
Danshi kawai, da ɗan tsakuwa guda.