Maki Biyu

Shekara ashirin da shida ina goge daɓen
tsangayar likitanci a Salvador.
Na san tayil ɗin da ya tsage, na san famfon da ke kuka,
na san hotunan bango, gemu bayan gemu,
fari bayan fari, reras kamar haƙora.
Ba ko ɗaya da ya yi kama da ubana.

Ran Talata aka kira Dalva.
Ɗakin da na share da asuba, nan aka zaunar da ita,
mutum biyar a bayan tebur, da kyamara.
Ba su tambaye ta sunayen ƙasusuwa ba,
waɗanda take rerawa in tana wanke-wanke.
Suka ce ta ɗaga fuska. Ta juya gefe.
Suka dubi hanci, suka dubi tushen gashi,
wai su tabbatar baƙa ce.
Ina waje da bokitina, dariya ta maƙale mini a wuya:
mai gadin kanti bai taɓa kafa kwamiti ba
kafin ya bi ta daga wajen sabulu har ƙofa.

Ta samu gurbi.

Da magariba Osvaldo ya tare ni a matakala,
maƙwabcina, direban bas, fari kamar ɓararren rogo,
wanda ya saɓi mijina a kafaɗa
daren da ruwa ya zaftare rabin tudunmu.
Ya ce, Nilzete, ɗana ya fi 'yarki da maki biyu.
Kwanon rufinmu ɗaya, yoyonmu ɗaya,
wake da gari nake ci, wake da gari kike ci.
Wane bawa na taɓa saya?
Fari ne ya koro kakana daga jeji, ko takalmi babu.

Na buɗe baki. Amsa tana nan, tun ina yarinya nake goyonta:
ƙofar baya, lif ɗin baya,
uwar ɗakin da ke ƙirga cokula in zan tashi aiki,
ɗana Edmilson kwance rub da ciki a kwalta,
takalmin ɗan sanda a ƙeyarsa,
don an gan shi yana gudu.
Bas yake bi, Osvaldo. Bas ɗinka.
Amma idon mutumin ya kaɗa ya yi ja,
kuma Tiberio, ni na ba shi nono
wata uku da uwarsa ta yi a gadon asibiti.

Sai na ce, kujera nawa ce a ajin?
Ya ce tamanin.
Na ce, nawa ke hannun 'ya'yan benayen bakin teku?
Ya yi shiru.
Shirun ba na yarda ba ne, na sani.

A rediyo masu digiri suna ta sa-in-sa,
wannan ya ce cancanta, wancan ya ce bashi ne tsoho.
Ba wanda ya taɓa hawa matakalarmu a cikinsu.
Ɗorin karaya dole da zafi, na yarda,
ƙashi ya daɗe a karkace.
Abin da ke hana ni barci:
an rabe sa a can sama,
an bar mu nan muna jan kofato.

Litinin, biyar da rabi.
Bai gaishe ni ba, ni ma ban gaishe shi ba.
Na zauna a baya. Dalva ta makara,
ga ta can tana saukowa da gudu,
farar rigar a cikin leda don kada ta yi ƙura.
Fasinjoji suna tsaki, wani yana dukan gilashi.
Ya riƙe birki. Ya bar ƙofa a buɗe.
Idonsa na kan titi, bai waiwayo ba.

A can sama, tagar Tiberio,
fitilar karatu tana ci har yanzu.