Sakan Goma Sha Ɗaya

Ni direban bas ne a Sheffield,
garin da kowane titi ko hawa ne ko gangara.
Shekara tara ina kallon mutane ta madubi,
tsaye cikin mota mai gudu,
hannu ɗaya da waya, ɗaya da jaka,
ba wanda ya taɓa gode wa ƙafarsa.

Huzaifa, ɗana, shekararsa sha biyar.
A makare ya yi rarrafe, a makare ya ce Baba.
Yau ya fi ni tsawo da yatsu biyu,
amma in zai sa wando sai ya zauna.
Ƙasa ba ta riƙe masa amana.
Ranar Talata ta zame daga ƙarƙashinsa
a matakalar makaranta, a gaban 'yan ajinsu,
ya dawo da gwiwa a kumbure, bakinsa a rufe.

Madam Gwen ta asibiti ta ce ya ɗaga ƙafa ɗaya.
Ta danna agogo.
Sakan uku.
Ya dafe bango, ya dube ni yana dariya,
irin dariyar da ta fi kuka ciwo.
Ta ce, "Uku ma lamba ce, daga nan za mu tashi."

Sai kicin ɗinmu ya zama fagen fama.
Na manna jan tef a ƙasa, daga firji zuwa ƙofa,
ya bi shi, dunduniya na taɓa yatsa,
hannuwa a buɗe kamar mai ɗauke da ruwa cike da baki.
Tashi daga kujera ba dafawa, sau goma.
Ɗage dunduniya kafin buta ta tafasa.
Uwarsa na ƙirga da Hausa,
ƙanwarsa Nusaiba da Turanci, tana sata masa ɗaya.

An ce sannu ba ta hana zuwa,
ba a faɗi yawan faɗuwar da ke hanya ba.
Akwai daren da ya yi jifa da takalmi,
ya ce ƙafar ba tasa ba ce, a mayar wa mai ita.
Na tsaya kusa da shi a kan ƙafa ɗaya don in nuna masa,
ni ma na yi tangaɗi na bugi tukunya.
Ranar ya yi dariyar gaske.

Watan Maris, Madam Gwen ta sake danna agogo.
Sha ɗaya.
Ta rubuta a takarda, ni na rubuta a tafin hannu.
Amma ba wannan ba ne ya hana ni barci.
Sallar asuba ce: ya ɗago daga sujada,
ya miƙe tsaf, bai nemi kafaɗata ba,
kafaɗar da ta saba jira.

Jiya ya shigo bas ɗina, akwai kujeru, ya ƙi zama.
Muka nufi gangaren nan mai kwana.
Ƙafata ta so ta lallaɓa birki,
ta yi masa alfarma.
Na hana ta. Na taka yadda nake takawa kullum.

Ta madubi na ga ya karkata,
hannunsa ya kai ga ƙarfe, bai kama ba,
gwiwa ta lanƙwasa,
ta dawo.

Wata tsohuwa ta danna ƙararrawa.
Na kusa wuce tashar.