Wasiƙar Gunvor

Ƙarfe uku na rana a Luleå, duhu ya riga ya sauka.
Na buɗe koken Gunvor Hautala, shafi tara, rubutun hannu.
Ta ce hukuma ta janye mata ma'aikaciyar jinya
daidai lokacin da Eskil ya daina gane cokali.
Ita kaɗai ke ɗaga shi, ta juya shi, ta yi masa wanka,
har ƙugunta ya ƙi miƙewa.

Na duba kwanan wata.
Shekara biyu da wata biyar.

Da maganar tana gaban kotu, Gunvor, sai in ce jira hukunci.
Da ba ki sa suna ba, sai in ajiye, in yi barcina.
Da haushin karen maƙwabci ne, har murmushi zan yi.
Ke latti kika yi,
don hannun da zai rubuta yana kan goshin mai mutuwa.

Na rubuta: "Wa'adi ya wuce."
Na sa hannu.

A waje motar share ƙanƙara ta bi titi,
ta shafe sawun duk wanda ya taka da safe.
Shayina ya huce.
Saura wasiƙa goma sha ɗaya.