Kurar Jirgin Kawu

Shekara tara jirgin Kawu Tanimu na kife
a bakin madatsar Kangimi,
zanen iskarsa naɗe cikin buhun taki,
ɓera ya ci gefe guda, ya bar mana saura.
Wani injiniyan masaƙar Kakuri ya bar masa shi
ranar da aka kashe injuna,
a bakin albashin wata uku.

Ran da muka tura shi ruwa
iska ta taso daga gabas, zane ya cika ciki,
na kama hannun kura na murɗa.
Kura muke ce wa tulun ƙarfen nan mai naɗe igiya.
Da, in Kawu ya juya ta, ƙas-ƙas-ƙas take yi
kamar agogon tashar jirgin ƙasa.
Yau tsit. Sai kawai ta saki,
hannun ya dawo da baya, ya kwashe min fatar yatsu biyu,
igiya ta zare ta bi ruwa,
masunta na ta dariya daga cikin komayensu.

Na kwance ta, na jefa a buhu, sai Panteka.

Baba Shekari bai tambaye ni labarin jirgi ba.
Ya shimfiɗa tsohuwar singileti a ƙasa,
ya zare zoben sama da tsinin wuƙa,
ya jera hanjinta ɗaya bayan ɗaya
kamar mahauci mai lissafin kaso.

Ya ce, Duba nan.
Wannan giris ne a da, yanzu ya koma ƙanzo.
Wanda ya so ta ne ya cuce ta,
ya cika mata mai har kan harsunan nan biyu,
alhali su ɗigo ɗaya suke so, na keken ɗinki.
Harshe in ya manne, haƙori ba shi da mai tsare shi.

Ya ɗaga wata waya, ba ta kai gashin gemu ba.
Ya ce, Duk ƙarfin jirginku a wuyan wannan yake,
ga ta nan, tsatsa ta raba ta biyu.

Yashin kogi ya shiga boris ya yi shekaru yana niƙa.
Haƙora uku sun gutsure,
wani ya taɓa sa ta jan abin da ba nata ba,
kututture, ko saniyar da ta faɗa laka.
Na yi shiru. Na tuna saniyar.

Sannan notin nan baƙon ƙarfe ne,
shi da gindinta ba su jituwa in ruwa ya shiga tsakani,
ka ga farin garin da suka haifa?
Kuma in ka koma, ka soka ƙusa a katakon da take zaune.
In ta shige kamar cikin gwanda,
kada ka dawo ka ce aikina ne.

Ya miƙo min kwanon kananzir da tsohon buroshi.
Na ɗauki babban haƙorin zan wanke,
sai na ga, a cikin busasshen man,
zanen babban yatsa, sarai,
har da tabon da injin saƙa ya yi wa Kawu.

Na daɗe riƙe da shi.
Masu walda na ta feshin wuta a bayana,
wani yaro na cigiyar sifana mai lamba goma sha uku.

Baba Shekari ya leƙo, ya gani, ya koma kan aikinsa.
Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba,
Ko ka ajiye yatsan, ko ka tuƙa jirgin.

Kananzir ya yi baƙi.

La'asar sakaliya ya haɗa ta, ya ba ni hannun.
Na murɗa a hankali, da yatsun da suka rage min lafiya.
Ƙas. Ƙas. Ƙas.
Ya karɓi dubu huɗu, ya ce sauran na sayi katako,
maɗaci, ba wanda ake rufi da shi ba.