Baƙon Bayan Kasuwa

Shekara goma sha ɗaya ina dakon kwandon tumatir
a kasuwar Mil Sha Biyu,
ban taɓa kiran ruwan bayanta kogi ba.
Kogi yana Yawuri, inda kakana Jatau
ke karanta fuskar ruwa kamar allo.
Wannan kuwa baƙi wuluk, kamar tsohon man inji,
ledar fiyawata ce kifinsa,
ruɓaɓɓen attaruhu ne furensa.
In mun hau gada, numfashi muke riƙewa
sai mun haye.

Kwatsam kamfanin rini na can sama ya rufe.
Wasu suka ce kotu, wasu suka ce bashi.
Masu ruwan lemon riga suka zo da kwalekwale,
wata bakwai suna tsamo shara,
mu kuwa muna ta yi musu dariya:
wa ya taɓa wanke ruwa?

Balbela ce ta fara zuwa, su biyu,
suna ɗaga ƙafa kamar baƙin da ba su yarda da tabarma ba.
Ƙaguwa ta haƙa ɗaki a gindin gada.
Iya Moreni mai fito
ta nuna mini karfasa a bokiti,
ba ta kai tafin hannu ba,
tana dariya har ɗankwali ya zame.
Ɗantsoho mai shayi ya rantse ya ga guza
tana shan hantsi a kan tsohuwar taya.
Ba wanda ya tanka.
Ɗantsoho ya taɓa ganin zaki a Ojota.

Ran wata Talata mota ta makara a hanya.
Na idar da Asuba, na gangara bakin ruwa,
na zauna kawai.
Kainuwa ta motsa, babu iska.
Hanci ya ɓullo, ƙofa biyu suka buɗe,
suka zuƙi iskar Ikko, da hayaƙin danfonta da komai,
suka rufe.
Sai baya mai ruwan toka, faɗin ƙyauren ɗaki,
da tabon farfelar jirgi a gicciye.

Ayu.

Na san shi tun ban gan shi ba.
Shekara arba'in kakana na bin sa da zago,
biyu ya samu.
Daren ta biyun bai ci tuwo ba,
ya ce ɗanta ya bi jirgin har gaɓa.
Ni da na tashi ba a ganinsa a wajenmu,
sai kwalbar mansa a buhun masu magani,
rabinta man gyaɗa.
Ga shi yau ƙarƙashin gadar da tirela ke girgizawa,
yana tauna ciyawa a natse
kamar tsohuwar da ta samu goro mai taushi.

Ba zan ɓoye ba, na yi lissafi.
Na san mutum uku a kasuwa da za su biya.
Na san kuɗin haya, na san na makarantar Ladidi,
na san rufin ɗakin innata da ke yoyo.
Na haɗa, na raba, har da ragowa.
Shi kuwa ya sake numfasawa,
a hankali, kamar mai jinya da ya fara jin yunwa.

Mota ta yi hon. Na miƙe.

Ɗantsoho ya ce, me ka gani ka yi fari haka?
Na ce, leda.

Iya Moreni ba ta jin Hausa,
ni ma Yarabancina na ciniki ne.
Amma na lura in ta zo wannan kwanar
kashe inji take, ta ɗauki gora.
Rannan muka haɗa ido.
Ta ɗora yatsa a leɓe, ta tura jirginta.

Ban sake ganinsa ba, wata huɗu ke nan.
Kainuwar wajen dai kullum a gutsure take.
Yanzu in na shanye fiyawata
aljihu nake cusa ledar,
abokan dako na cewa na zama ɗan gayu.