Kwandon da Ke Gindin Taga

A tsibirin Nólsoy rana ba ta zama a watan Disamba.
Leƙowa take kamar mai aron gishiri,
ta juya kafin a miƙa mata kujera.
Ni Oddvør ina gindin taga,
kwandona a gefe, maƙil da alkawuran da ban cika ba.

Ga rigar sanyin Bartal.
Na ɗora ta a tsinke yana ɗan shekara tara,
da ulun tunkiyarmu mai baƙin kunne, fari da ruwan toka.
Na gama gaba, na gama baya,
kafin in kai hannu na biyu, kafaɗarsa ta fi ƙarfinta.
Na warware, na ƙara ido ashirin.
Ya sake girma.
Tsere ake tsakanin yaro da saƙa, kuma ba saƙa ke ci ba.
Yanzu yana can tsakiyar teku a jirgin kamun kifi,
gemu har ƙirji, sanye da rigar kanti,
ita kuwa tana nan da hannunta ɗaya
kamar mai bankwana a bakin gaɓa.

Ga safa, rabi.
Ta farko ba ta da wuya, kowa ya sani,
ta biyu ce ke auna haƙurin mutum.
Shekara uku Símun na tambaya, "Ina 'yar'uwarta?"
ina ce masa, "Tana hanya."
Sai wata Talata igiyar ƙarfe ta tsinke a jirgi.
Likitocin Tórshavn suka dawo mini da shi,
ƙafar hagu ta tsaya a gwiwa.
Ranar da ya fara dariya bayan nan,
ta farkon ya lalubo ya sa, ya miƙe ƙafa gaban murhu:
"Ashe kin san abin da kike yi."
Na taya shi dariya,
sannan na shiga ɗakin girki na tura ƙofa.
Ta biyun a dunduniya ta tsaya.
Na kasa ƙarasawa, na kasa warwarewa.

Sai wannan dogon, ja wur,
mayafin wuyan Rannvá, ƙanwata.
Na fara shi daren da muka yi cacar baki
a kan kwale-kwalen da babanmu ya bari.
Na ce in na gama zan kai mata,
in ajiye a kan tebur, ba sai an yi magana ba.
To, gamawar ce aiki.
Duk sanda na zo ƙulle bakin zare
sai in tuna abin da ta faɗa, in ƙara layi.
Sai in tuna abin da na faɗa,
in ƙara goma.
Yau ya kai gaba huɗu.
Zai naɗe wuyanta da nawa da na fasto,
a sami ragowar ɗaure tunkiya.
Gidanta kuwa taku ɗari biyu ne daga nan,
ina ganin fitilarta, na san lokacin da take kashewa.

Jirgin fito na ƙarfe biyar ya busa ƙaho.
Símun na gyangyaɗi, sandarsa jingine da bango.
Ɗazu ina shafa mayafin na ji wani ido
da ya zame tun can farko-farko,
ya bar ramin da ɗan yatsa zai shige.
Rannvá za ta gan shi. Ba abin da ke wuce mata.
Za ta ce, "Kawo nan, har yau ba ki iya ba."

Na naɗe shi da tsinkayensa a jiki,
na sa takalmi, na fita cikin iska.
Sai a ƙofar coci na lura
curin ulun ya faɗi tun a ɗaki,
jan zare na biye da ni a kan ƙanƙara.
Ban koma ba.
Ina jin zai kai.